Baƙin Ots: Hatsin da Ake Kwantarwa Kafin Ya Nuna

Ranar da malaminmu na darasin abincin dabbobi ya nuna mana hoton wata gona a kudancin Burazil, na ɗauka ɓarna aka yi. Hatsi ya fitar da kai shar, ga tarakta tana jan wani gangan ƙarfe mai wuƙaƙe tana kwantar da shi. Ashe da gangan ne.

Sunansa baƙin ots, Avena strigosa a kimiyyance, ɗan'uwan wanda ake yin Quaker Oats da shi. Manoman jihohin Parana da Rio Grande do Sul na shuka shi bayan girbin waken suya, tsakanin Maris da Yuni, lokacin da sanyinsu ke shigowa. Suna nomansa don shanu su yi kiwo, kuma don kada ƙasa ta zauna tsirara.

Kamar mako guda bayan shuka yake tsirowa, sannan ya fara 'ya'ya daga gindi, irin yadda alkama ke yi a Kadawa. A wannan matakin, idon da ke fitar da sabon ganye yana can ƙasa, bakin saniya ba ya kai masa. Shi ya sa idan ya kai santimita 25 zuwa 30 ake sakin shanu, a kore su kafin su cinye shi ƙarƙaf, sai ya sake tohowa. Amma da zarar kara ya fara gaɓa, idon ya hau sama. Saniya ta datse shi, wannan karan ya gama.

Daga nan sai ya yi ciki, ya fitar da kai, ya yi fure, ƙwaya ta kama ruwa. Idan ka matse ta, farin ruwa kamar madara ya fito, to lokacin kwantarwa ya yi. Ka yi gaggawa, ya miƙe ya ci gaba da girma. Ka yi jinkiri, ƙwaya ta ƙosa ta zube, ta zame maka ciyawa a noma na gaba.

Karan da aka kwantar yana rufe ƙasa, ya riƙe danshi, ya danne ciyawa, sai a shuka waken suya a cikinsa ba tare da huɗa ba. In masara za a sa, sai an ƙara takin naitirojin, domin ƙwayoyin da ke ruɓar da karan suna janye shi daga ƙasa.

Tun ranar, idan muka fita firaktikal, kafin in tambayi kwanan shuka nawa, sai na tsuguna na laluba kara in ji ko gaɓa ta fito.