Tarken Tambarin Ɗan Koyo da Hanyoyin Gyara Shi

1.0 Gabatarwa

Babu makaranta ko ƙungiya ko kamfani, komai ƙanƙantarsa, da ba ya bukatar wata alama da za a shaida shi da ita. Wannan alama ita muke kira tambari. A asali, tambari kayan kiɗan sarauta ne wanda ba a kaɗa wa kowa sai sarki, don haka da an ji amonsa an san wanda ake nufi. Aikin tambarin zane ma ke nan, sai dai shi da ido yake magana.

Galibin tamburan da muke gani a garuruwanmu ba gwanaye ne suka zana su ba. Ɗalibi ne, ko malamin zane, ko mai shagon kwamfuta. Ɗalibanmu na kwalejojin ilimi kuwa, da zarar sun kama aikin koyarwa, su ne shugabannin makarantu za su ɗora wa zanen bajo da hatimi. Saboda haka ya wajaba mu san yadda za mu tarke aikinsu tun suna hannunmu. A wannan maƙala za mu nuna cewa ma'aunin tarke shi ne aikin da tambarin zai yi, kuma mafi yawan gyaransa ragi ne.

2.0 Illolin da Aka Fi Samu

Bari mu ɗauki bajon makaranta irin wanda kowa ya saba gani. Za a tarar da garkuwa an raba ta gida huɗu: buɗaɗɗen littafi a nan, alƙalami can, ga fitila, ga tauraro. A sama an rubuta sunan makarantar cikakke, a ƙasa an shimfiɗa zirin ƙyalle ɗauke da take, sa'an nan an cika sauran gurabe da launi biyar ko shida. Kowane abu daga cikinsu yana da ma'ana, amma da aka tara su sai suka danne juna.

Illa ta farko ke nan, watau cunkoso. Ta biyu ita ce kwaikwayo, domin idan makarantu goma a gari guda duk suna da littafi da fitila, to babu wadda tambarinta ya bambanta ta da 'yar'uwarta. Ta uku ta shafi rubutu. Ɗan koyo yakan gwama salon baƙaƙe uku ko huɗu, kuma da yawa daga cikin salon da ke cikin kwamfuta ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai a wayi gari an rubuta sunan Hausa babu lanƙwasa, ko kuwa harafi guda ya fita dabam da sauran. Ta huɗu ita ce dogaro da launi. Allon kwamfuta da haske uku yake haɗa launukansa, ja da kore da shuɗi, alhali injin ɗab'i tawada huɗu yake gaurayawa. Shi ya sa launin da ya yi ƙyalli a allo yakan dusashe a takarda.

3.0 Misalai Biyu daga Tarihi

A shekarar 1976 Ronald Wayne, ɗaya daga cikin mutum uku da suka kafa kamfanin Apple a Amurka, ya zana wa kamfanin tambarinsa na farko da alƙalami da tawada. Ya nuna masanin nan na Ingila, Isaac Newton, zaune a gindin bishiya, tuffa tana reto a bisa kansa, ga ƙyalle ya naɗe hoton ɗauke da sunan kamfani, ga kuma ɗangon waƙa a gefe. Zanen ya yi kyau a matsayin hoton littafi, amma ba ya ƙanƙancewa har a manna shi jikin na'ura a gane shi. A 1977 sai aka ba Rob Janoff aikin. Ya zubar da Newton da bishiya da ƙyalle, ya bar tuffar kaɗai, ya gatsa gefenta don kada a ɗauke ta wani ƙaramin ɗan itace ne dabam. Ya yi mata ratsin launi shida, waɗanda su ma kamfanin ya janye a 1998, amma siffar ba ta gushe ba.

Misali na biyu na gida ne. Ko da yake tuta ba tambarin kamfani ba ce, ƙa'idarsu ɗaya. Lokacin da aka yi gasar zanen tutar Nijeriya gab da samun mulkin kai, wanda ya ci shi ne Michael Taiwo Akinkunmi, wanda a lokacin ɗalibi ne a Landan. Zanen da ya aika yana da jar rana mai tartsatsi a tsakiyar farin. Alƙalan gasar suka cire ranar, suka bar kore da fari da kore, kuma ita aka ɗaga ranar 1 ga Oktoba, 1960. Abin lura a nan shi ne, alƙalan ba su jefar da aikin ɗalibin sun kawo nasu ba. Sun gano abin da ke da ƙarfi a cikinsa, suka kawar da abin da ya tsaya masa a gaba.

4.0 Matakan Tarke

Daga waɗannan misalai muna iya tsara matakai biyar da malami zai bi a aji.

Na farko, tambaya. Kafin a ce komai game da zanen, a sa ɗalibi ya faɗi da jimla ɗaya ko tambarin wane ne, da abin da ake so mai kallo ya fahimta. Wanda ya kasa faɗa da baki, da wuya ya faɗa da zane.

Na biyu, gwajin girma. A rage zanen ya koma kamar faɗin farcen babban yatsa, domin haka zai bayyana a katin shaida da allon wayar hannu. Duk abin da ya cushe a wannan girma, ba shi da mazauni.

Na uku, gwajin baƙi da fari. A buga shi da baƙar tawada zalla, kamar yadda hatimin roba zai fitar da shi. Wannan gwaji yana kuma kare masu larurar gani da ba su rarrabe ja da kore, yana rage kuɗin aiki, tun da mai buga riguna kowane launi da nasa zubin yake yi.

Na huɗu, gwajin tuni. A nuna wa wanda bai taɓa ganinsa ba na ɗan lokaci kaɗan, a rufe, a ce ya zana abin da ya riƙe. Abin da ya zana shi ne ainihin tambarin. Sauran ado ne.

Na biyar, sake zane. Ɗalibin da kansa zai yi, ba malami ba. Ya tsaya kan siffa guda, salon rubutu guda, launi biyu ko uku. Idan da kwamfuta zai kammala, ya ajiye shi a tsarin zanen layi wanda ba ya fashewa komai girman da aka ja shi, maimakon hoton ɗigo-ɗigo.

Sai dai a yi hattara, kada garin gyaran gira a rasa ido. Ragi yana da iyaka, kuma iyakarsa ita ce inda tambarin zai rasa abin da ya keɓe shi. A nan fasahar gargajiya tana da abin koya mana. Dagin da magina suke yi a bangayen Kano da Zariya, masu ɗinki kuma a riguna, layi ne mai sarƙa wanda ake iya fitarwa da laka ko zare ko tawada ba tare da ya ɓace ba, har ya zama alamar Arewa da kowa ya sani.

5.0 Kammalawa

Malamin da ya ce wa ɗalibi aikinsa ya yi kyau, ya yi shiru, bai koya masa komai ba. Wanda kuma ya karɓe fensir ya zana nasa, ya kashe masa gwiwa. Muna ba da shawarar a keɓe darasi na musamman don tarke a sassan koyar da zane na kwalejojinmu, inda ɗalibai za su gwada aikin juna bisa waɗannan matakai, su saba da cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Bajon da aka ɗinka a ƙirjin yara yakan shekara da shekaru ba a sauya shi ba, don haka ya cancanci a tarke shi kafin ya isa hannun tela.