Toshe Hanyar Ruwa a Tsofaffin Rijiyoyin Mai

Ɗanyen mai ba ya kwanciya a ƙarƙashin ƙasa kamar tafki, yana maƙale ne cikin ƙananan ƙofofin dutse, kuma matsin da ke can ƙasa shi ke turo shi zuwa bakin rijiya. Idan filin mai ya kwana biyu matsin kan ragu, sai a haƙa wasu rijiyoyi a gefe a riƙa ɗura ruwa domin ya koro man da ya saura. Sai dai dutsen yana da tsage-tsage da shimfiɗu masu yawan ƙofofi, ruwa kuwa da ya sami hanya mai sauƙi ba ya sake waiwayar sauran wurin, kamar yadda manomin rani a ƙasan madatsar Zobe ta Dutsin-Ma kan ga ruwa ya zurare ta ramin gafiya ya bar komayen albasa a bushe. A Daqing ta ƙasar Sin, wadda aka gano a 1959, ruwa ya haura kashi 90 cikin ɗari na abin da rijiyoyi ke fitarwa, kuma kowace gangar ruwa sai an kashe kuɗin ɗago ta, a tace, a mayar.

Maganin da aka fi dogaro da shi shi ne jel na polima, wato sinadarin da ƙwayoyinsa suke jere cikin dogayen zaruruwa. Akan narkar da nau'in da ake kira poliyakirilamaid a ruwa, a haɗa shi da gishirin kuromiyam, wanda aikinsa shi ne ɗaure zaruruwan da juna, sannan a ɗura haɗin tun bai yi kauri ba. Da yake ruwa-ruwa ne, sai ya bi ta inda ɓarawon ruwan ke bi, bayan wasu sa'o'i ko kwanaki ya daskare ya toshe tsagar, ruwan da ke biye kuma ya karkata zuwa inda mai yake. Kamfanin Marathon ne ya bunƙasa wannan haɗi a jihar Wayomin ta Amurka cikin shekarun 1980.

Amma jel ba ya bambanta tsagar ruwa da ƙofar mai, idan ya sauka a gurbin da bai dace ba rijiyar gaba ɗaya ke iya kafewa, kuma zafi mai tsanani da ruwa mai yawan alli suna tsinka shi. Shi ya sa gano ainihin hanyar ruwan, ta zuba sinadari mai alama a rijiyar ɗuri a ga lokacin da zai ɓullo a ɗaya ɓangaren, ya fi zaɓen jel ɗin muhimmanci.

Yankin Neja Delta, inda aka sami mai a Oloibiri tun 1956, ya daɗe yana fama da yawan ruwa a rijiyoyinsa. Filin Agadem na jihar Diffa kuwa, wanda kamfanin CNPC ya fara ɗiba a 2011 domin matatar Damagaram mai tace ganga 20,000 a rana, sabo ne tukuna, amma tun da bututun da ke kai man zuwa Benin ya fara aiki a 2024 ɗiba ta ƙaru sosai, kuma saurin ɗiba yakan gaggauta zuwan ruwa.