Shirin Kansil Tun Daga Aji Ɗaya

Da an idar da sallar isha'i, azuzuwan wannan makarantar koyon aikin jinya, wadda ke jingine da wani babban asibiti a Arewa, sukan sake cika. Babu malami. Ɗalibai ne rukuni-rukuni, biyar nan, shida can, sun haɗa kai a kan takardun tsofaffin tambayoyi da suka sha hoto har rubutun ya fara dusashewa. In aka ɗauke wuta, a kunna fitilar waya a ci gaba. A cikinsu har da 'yan aji ɗaya, waɗanda saura musu fiye da shekara biyu su zauna jarrabawar da ake wa wannan shiri.

Jarrabawar ita ce ta Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, NMCN, wadda aka kafa a 1979. Ɗalibai na ce mata kansil. Sau biyu ake yin ta a shekara ga masu karatun jinya, a watan Mayu da Nuwamba, kuma duk wanda bai ci ta ba, ko da shi ke zuwa na ɗaya a aji, ba zai samu lasisin aiki ba.

Karatun shekara uku ne, amma tankaɗe da rairaya kan fara tun a wata shida na farko, zangon da ake kira PTS. Wanda ya tsallake shi ake sa wa kayan aiki, a tura sunansa hukumar ta yi masa rajista. Kafin kansil kuma makaranta tana da tata jarrabawar tantancewa, domin babu shugabar makarantar da ke son a ce ɗalibanta sun zube a sakamakon ƙasa.

Ɓangaren rubutu yanzu a kwamfuta ake yin sa, kuma akwai ɗaliban da rabonsu da zama gaban kwamfuta tun ranar JAMB. Tambayoyin ma ba hadda kawai suke nema ba. Za a ce likita ya rubuta a sa wa majiyyaci ƙarin ruwa lita ɗaya cikin awa takwas, robar tana ba da ɗigo 20 a kowace mililita: ɗigo nawa ne a minti? Amsar ita ce 42, in an cike. Wadda ta saba tsayawa gaban gado tana ƙirga ɗigo da agogon hannunta ba za ta daɗe a kan wannan ba. Su kuwa masu karatun rukuni dabararsu ita ce ɗaya ya karanto babi daga Ross and Wilson, littafin sassan jiki da kusan kowa ke da kwafinsa a waya, a warware shi da Hausa har kowa ya gane yadda ƙoda ke tace jini, sannan a koma a amsa tambayoyin da Turanci.

Inda gizo ke saƙar shi ne jarrabawar aiki da hannu, OSCE. Ana jera tashoshi, kowace da 'yan mintuna, a kaɗa ƙararrawa ɗalibi ya matsa gaba. Mai jarrabawa na riƙe da takarda yana duba mataki-mataki: an wanke hannu? An gaida majiyyaci, an tabbatar da sunansa, an yi masa bayani, an nemi izininsa? An ja labule? To a ɗakin marasa lafiya, inda Sista ɗaya kan kwana da gadaje masu yawa, aiki kan sa a riƙa tsallake wasu matakan, ɗalibi kuma abin da ya gani shi hannunsa ke ɗauka. Ba laifin Sistar ba ne, ƙarancin ma'aikata ne. Amma hannun da ya shekara biyu yana yanke ba ya gyaruwa a wata guda, shi ya sa malaman da suka san ciwon ɗalibansu ke matsa wa 'yan aji ɗaya su riƙa shiga ɗakin gwaji suna maimaita kowane aiki a kan mutum-mutumi, su kuma nemi sa hannu a littafin ayyukansu ranar da suka yi aikin, ba sai ƙarshen zango ba.

Akwai kuma kundin bincike da rahoton kula da majiyyaci guda, tun daga kwantar da shi har bayan sallama. Masu wayo kan zaɓi majiyyacinsu da wuri, su bi shi har gida. Waɗanda suka bari sai aji uku kan tsinci kansu suna zirga-zirga tsakanin shagon buga takardu, aikin dare da ofishin malamin da ke duba musu, ga kuɗin rajistar jarrabawa da ake jira daga gida, a watannin da abokansu ke bita ta biyu.