Kamala Ishaƙ, mai zanen matan Omdurman

Yau shirin namu na musamman ya nufi Sudan, birnin Omdurman da ke gaɓar kogin Nilu, tsallaken Khartoum. A can aka haifi Kamala Ibrahim Ishaƙ a 1939, matar da ta shafe fiye da shekara sittin tana zanen mata, amma ba irin zanen da ake ratayewa a falo don ado ba.

Ta kammala Kwalejin Zane ta Khartoum a 1963, tana cikin matan farko da suka fito daga can, sannan ta wuce Kwalejin Zane ta Masarauta da ke Landan. Lokacin nan Sudan ba ta daɗe da samun 'yancin kai ba, manyan masu zane irin su Ibrahim El-Salahi da Ahmed Shibrain suna ta neman abin da za a kalla a ce wannan namu ne. Suka riƙi haruffan Larabci da adon gargajiya. Kamala ta zauna cikinsu, ta koya, amma hankalinta yana wani wuri, yana cikin gida, wajen mata.

Abin da ya ja ta shi ne zar. Bahaushe ba sai an yi masa dogon bayani ba, domin zar ɗan'uwan bori ne, har a Sudan ɗin ana kiran wani reshensa zar bori. Mata ne ke taruwa a ɗaki, a turara turare, a kaɗa ganga, wadda iska ya hau ta faɗi abin da ke cinta. Malamai sun daɗe suna sukar al'adar, a Sudan da ƙasar Hausa duka, kuma ba wannan muhawarar ce ta kawo mu ba. Abin da Kamala ta lura da shi shi ne, matar da ba ta iya ɗaga murya gaban miji ko uwar miji, a ɗakin nan take buɗe baki. Ta riƙa zama a irin waɗannan taruka tana kallo, ta koma ta zana.

Ku dubi fuskokin da take yi. Wata ta miƙe zololo, wata baki ya karkace, idanu sun faɗa, ga mata sun yi da'ira sun matsu da juna. Babu kwalli, babu murmushin ɗaukar hoto. Wanda ya saba ganin mace a zane tana ɗauke da tulu tana fara'a, da ya ga wannan zai ɗan ja da baya. A ganina nan ƙarfin aikin yake: ba ta yi wa matan kwalliya ba, abin da ke ƙasan mayafi ta fito da shi. Masana sukan ce ta ɗauki wani abu daga masu zane biyu na Birtaniya, William Blake da Francis Bacon, kuma haka ne, sai dai matan nata 'yan Omdurman ne.

A shekarun 1970 ita da wasu ɗalibanta, ciki har da Muhammad Hamid Shaddad da Naiyla Al Tayib, suka fitar da takardar aƙidarsu, suka ce duniya kamar ƙarau take, duk inda ka juya shi wani abu daban za ka gani. Raddi ne ga magabatan da ke ganin gado shi ne komai. Daga nan ta zana mata a kulle cikin akwatunan gilashi, ana ganinsu sarai, amma ba hanyar fita.

Ta daɗe tana koyarwa a kwalejin da ta yaye ta, ta kuma zauna wani lokaci a Oman. Ba a kan ƙyalle kaɗai take zane ba, har a jikin ƙwarya da gangar fata.

Da shekaru suka ja, sai itatuwa suka shigo aikinta. A zanen Bait Al-Mal na 2019, mai ɗauke da sunan wata tsohuwar unguwa a Omdurman, dangi da maƙwabta ne zaune gida-gida, saiwoyi sun bi ta ƙarƙashi sun haɗa su. A shekarar ce ta karɓi lambar yabo ta Yarima Claus daga ƙasar Holland, kuma a shekarar ce, ranar 3 ga Yuni, jami'an tsaro suka afka wa masu zaman dirshan a Khartoum, aka jefa gawarwakin wasu a kogin Nilu. Kamala ta yi wa waɗannan matasa zane a 2022: ruwa shuɗi, fuskoki cikin ƙwallaye suna yawo tsakanin ganyaye. An baje shi a gidan nune-nune na Serpentine da ke Landan a ƙarshen wannan shekara, 'yan watanni kafin yaƙin Afrilun 2023 ya ɓarke, ya kuma cinye unguwannin Omdurman da yawa.