Yadda maganaɗisu ke sauya mahaɗar jijiyoyin ƙwaƙwalwa

A shekarar 1985 ne Anthony Barker da abokan aikinsa na Jami'ar Sheffield da ke Ingila suka nuna cewa ana iya motsa ƙwaƙwalwar mutum daga waje, ba tare da tiyata ba. Ana ɗora naɗaɗɗiyar waya a kan mutum, a sako mata lantarki mai ƙarfi na ɗan ƙiftawar ido. Ƙarfin maganaɗisun da ya tashi sai ya ratsa ƙoƙon kai, ya haifar da ɗan lantarki a ƙwayoyin jijiya da ke zurfin santimita 2 zuwa 3. Likitoci na kiran wannan hanya TMS, ko SMT a Faransanci.

Ƙwayoyin jijiya na isar wa juna saƙo ta wasu ƙananan mahaɗai. Mahaɗar da ake yawan amfani da ita takan ƙara ƙarfi, wadda aka yi watsi da ita kuma ta raunana, kamar turbar da sawu ke rayawa. Da wannan sauyi ne mutum ke koyo da tuna abubuwa. Tim Bliss da Terje Lømo sun bayyana ƙarfafuwar mahaɗai a ƙwaƙwalwar zomaye a 1973.

Saurin bugun maganaɗisu shi ke nuna inda sauyin zai karkata. Bugu ɗaya a daƙiƙa yakan lafar da wurin da aka nufa, bugu 5 zuwa 20 kuwa yakan zaburar da shi. Masana na danganta hakan da sinadarin kalsiyam da ke shiga ƙwayar jijiya ta ƙofofin da ake kira NMDA: idan ya kwararo da yawa mahaɗa ta ƙarfafa, idan kaɗan-kaɗan ne ta raunana. An gwada ba mutane maganin da ke toshe ƙofofin, sai tasirin bugun ya ɓace.

Tasirin zama ɗaya ba ya daɗewa. Shi ya sa masu ciwon damuwa mai tsanani, waɗanda magunguna ba su yi wa aiki ba, ke zuwa kwana biyar a mako har tsawon makonni 4 zuwa 6. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da hanyar a 2008.

Ba kowa take yi wa aiki ba. Ciwon kai ne illar da aka fi gani, kuma dole mai farfaɗiya ko mai ƙarfe a cikin kansa ya sanar da likita kafin a fara.