Me Ke Sa Sabuwar Kwamfuta Ta Daskare?

Tun daga shekarar 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kacokan kan kwamfuta, wannan na'ura ta zama abin buƙata ga kowace makarantar sakandare, ta birni da ta karkara. Saboda tsadar haɗaɗɗiyar kwamfuta, makaranta ko matashi mai shago a gari kamar Dandin Mahe, ko Boɗinga, ko Shagari, yakan ga ya fi sauƙi ya sayi sassanta ɗaya bayan ɗaya daga Sakkwato ko Kano ko kasuwar kwamfuta ta Ikeja, sa'annan a harhaɗa su a gida. Sau da yawa aikin kan yi kyau. Amma wani lokaci, ana cikin aiki sai komai ya tsaya cak: hoto ya ƙame a allo, linzami ya ƙi motsi, madannai su ƙi amsawa. Wannan shi ake kira daskarewa. Yau ta yi bayan minti goma, gobe ta wuni lafiya lau.

Mai karatu, abin da ya sa matsalar take da nauyi a wurinmu shi ne nisa da kuɗi. Wanda bai san ainihin sashen da ke da laifi ba zai yi ta zirga-zirga zuwa birni yana sauya kayan da lafiyarsu ƙalau, har lokacin garanti ya wuce. Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Kowace daskarewa tana da dalili, kuma hanyar gano shi ita ce wadda ake koyarwa a ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, wato a lura, a rubuta, a sauya abu ɗaya kaɗai, sa'annan a sake gwadawa.

Littafin lura

Matakin farko shi ne a ajiye ɗan littafi kusa da na'urar. Duk lokacin da ta daskare a rubuta kwanan wata da ƙarfe nawa, da aikin da ake yi, da tsawon lokacin da ta yi a kunne, da kuma irin wutar da take kai: ta gari ce, ko ta janareto, ko ta sola. A kuma danna maɓallin Caps Lock. Idan fitilarsa ta kama ta mutu, to na'urar tana da sauran rai, kuma an fi zargin wata manhaja ko ma'ajiyar bayanai. Idan fitilar ba ta motsa ba, daskarewar ta kai ga tushe. Bayan mako guda littafin zai fara nuna hanya. Alal misali, wadda ke daskarewa daga azahar zuwa la'asar kawai, zafi za a fara tuhuma. Wadda kuwa ke yi lokacin da aka tayar da injin niƙa ko na walda a maƙwabta, sai a dubi wuta.

Zafi da ƙura

Furosesa, wato sashen da ke yin dukkan lissafin kwamfuta, tana fitar da zafi mai yawa. Akasarin na zamani sukan rage gudu da kansu idan zafinsu ya kai digiri 95 zuwa 100 a ma'aunin Salsiyas, idan ya ci gaba da hawa kuma su kashe na'urar. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa ta kwashe zafin. Mu ɗauka wata fanka tana iya riƙe furosesa a digiri 50 sama da zafin ɗaki. A ɗaki mai digiri 22, furosesar za ta tsaya a 72. A ƙasar Sakkwato kuwa, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, wannan fankar za ta bar ta a 90 ko fiye, dab da iyaka. Sauran sassa ma duk suna cikin wannan zafi, kuma sashen da dama yake da rauni a nan yake fara kuskure.

A sabon haɗi akwai kurakurai biyu da suka yi suna. Na ɗaya, a manta da ɓare siririyar ledar da ke manne a gindin ƙarfen sanyaya. Na biyu, a ƙi shafa man da ke kai zafi daga furosesa zuwa ƙarfen, ko kuma a ɗaure kusoshinsa a karkace. Manhaja irin su HWiNFO tana nuna zafin kowane sashe kyauta. Bugu da ƙari, ƙurar hunturu, wadda iska ke kwaso mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, takan toshe ramukan iska cikin ɗan lokaci. Bushewar iskar hunturu kuma tana tara wata irin wuta a jikin mutum, wadda ke iya lahanta sassa idan ya taɓa su. Saboda haka a riƙa taɓa ƙarfen akwatin tukuna kafin a sa hannu a ciki.

Wutar lantarki

Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, kuma tana juyawa sau 50 a daƙiƙa. Akwatin wutar kwamfuta shi ke mayar da ita bolt 12 da 5 da 3.3, kuma ƙa'idar ATX, wadda kamfanin Intel ya fara fitarwa a 1995, ba ta yarda waɗannan su kauce da fiye da ɗan kaso kaɗan cikin ɗari ba. Idan wuta ta ɗauke, abin da akwatin zai iya riƙewa bai wuce kimanin kashi 16 cikin dubu na daƙiƙa ba. Ke nan ɗan kiftawar da ido ba zai gani a ƙwan fitila ba ta isa ta rikita kwamfuta. Gwajin a nan shi ne a ɗora na'urar a kan UPS mai kyau na kwana biyu ko uku. Idan ba ta daina ba, a aro wani akwatin wuta da aka tabbatar da lafiyarsa, musamman idan wanda ke ciki na gwanjo ne.

Ram

Ram ita ce ma'ajiyar wucin gadi inda kwamfuta ke ɗora abin da take aiki a kai, kuma tana cikin manyan waɗanda ake zargi a sabon haɗi. A cire sandunanta a sake danna su har maƙallan su kama. Idan ramuka huɗu ne sanduna biyu, galibi ana sa su a rami na biyu da na huɗu daga wajen furosesa, amma littafin uwar allo shi ne alƙali. Sa'annan a shiga BIOS a kashe XMP ko EXPO, domin waɗannan tsare-tsare suna tura ram gudun da ya zarce na ƙa'ida, kuma ba kowane haɗi ke jure shi ba. Daga nan a gwada da MemTest86, manhajar da Chris Brady ya fara rubutawa a 1994, wadda ake tayarwa daga filashi. A bar ta ta kwana tana aiki. Kuskure ko da ɗaya ne shaida ce. Idan an same shi, a gwada sandunan ɗaya bayan ɗaya har a gano mai laifin.

Manhaja

Idan zafi da wuta da ram duk sun kuɓuta, sai a juya ga manhaja. A ɗauko direbobin uwar allo da na katin hoto daga shafin kamfanin da ya ƙera su, a kuma sabunta BIOS, amma a kan UPS kawai, domin yankewar wuta a tsakiyar wannan aiki na iya kashe uwar allo. Wani lokaci laifin daga masana'anta yake. A shekarar 2024 kamfanin Intel ya amsa cewa wasu furosesocinsa na zubi na 13 da na 14 suna neman ƙarfin wuta fiye da kima, abin da ke sa su rikicewa. Ya fitar da gyara ta hanyar BIOS, ya kuma ƙara shekara biyu a kan garantinsu. Dabara ta ƙarshe ita ce a tayar da na'urar da Linux daga filashi. Idan ta yi kwanaki lafiya, zargi ya koma kan Windows da direbobinta, ko kan ma'ajiyar bayanai.

Kammalawa

Babban kuskuren masu gyara shi ne gaggawa. Wanda ya sauya ram da akwatin wuta da direbobi rana ɗaya, ko da na'urar ta warke bai san abin da ya warkar da ita ba, kuma ya kashe kuɗin abu uku a kan ciwo ɗaya. Muna kira ga malaman kimiyya da su mayar da irin wannan matsala darasi. A raba ɗalibai rukuni-rukuni, wasu su riƙe littafin lura, wasu su auna zafi, wasu su kula da wuta, kowane rukuni ya kawo hasashensa tare da gwajin da zai tabbatar da shi ko ya rushe shi. Idan ranar zuwa Sakkwato ta zo, sai a tafi da sashe ɗaya tak a jaka, tare da rasit da rubutacciyar hujja.