Zauren Sarki da Kotun CEDEAO: Ina Mace Za Ta Kai Kukanta?

Idan magidanci ya rasu a karkarar Magaria ko Dungas, ba a cika yin gardama kan awaki da kayan ɗaki ba. Rigimar tana kan gona. Ƙasar noma ta yi ƙaranci, gandu ya tsattsage, sai ƴan'uwa maza su ce wa ƴar'uwarsu: "Ke da ke gidan miji, me za ki yi da gona?" Musulunci ya yanka mata rabonta, al'ada ta hana ta. Ƴar gamanar da take nomawa ma aro ce, ranar da aure ya mutu ta tafi.

Wuri na farko da za ta nufa shi ne zauren mai gari, daga nan fadar sarki. Zaure yana kusa, da Hausa ake magana, ba a neman lauya. Dokar Nijar ta ba sarakuna ikon sulhu, kuma ko a kotu al'ada ake dubawa a sha'anin aure, saki da gado. Sai dai masu zama a tabarmar maza ne, galibi abokan waɗanda ake ƙara. Sau da yawa abin da take fitowa da shi bai wuce "ki yi haƙuri, kada zumunci ya lalace" ba.

Ɗaya wurin kuwa, Hadijatou Mani ce ta nuna hanyarsa. A 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita sefa jaka 240 ta zama wahaya, wato baiwa, a yankin Ƙonni. Ubangidanta ya ba ta takardar ƴanci a 2005, amma ya ce har yanzu matarsa ce. Da ta auri wanda take so, kotu ta yanke mata wata shida, wai ta yi aure kan aure. Ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta da lauyoyi suka kai maganar kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ta ce Nijar ta kasa kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10. Gwamnati ta biya.

Abin da zaure ba zai iya ba ke nan: ya kama gwamnati da laifi. Amma mace nawa ke da Timidria a bayanta? Kotun ma ba ta ɗora wa gwamnati laifin nuna bambanci ba, a kan bauta ta tsaya. Ga shi Nijar ba ta amince da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin mata ba, majalisa ta yi watsi da ita a 2006. Tun ficewar ƙasar daga CEDEAO a Janairun 2025 kuma, wannan ƙofa ta rufe. Saura kotun Afirka da ke Arusha, wadda sai an gama da kotunan gida ake zuwa.

A ganina, ga matar Dungas zaure ya fi nauyi, don nan maganarta ke ƙarewa. To, a gyara shi. Malamai su raba gado har da gona, ba tumaki kaɗai ba. Sarakuna su sa a rubuta rabon mace a gaban kwamitin filaye, a miƙa mata takardarta a hannu.